Kundayen Samaru: Tarihin da Ya Dawo Gida Ya Tsaya a Zaure

Duk wanda ya shiga Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, ya tambayi inda ake ajiye kundayen digiri na biyu da na uku, za a nuna masa wasu manyan littattafai masu kaurin bango, waɗanda aka buga da tafireta a fuska ɗaya ta takarda. Tsofaffin cikinsu har takardarsu ta yi ja. Ba a sayar da su a kanti, ba a kuma fita da su waje. A cikinsu akwai tarihin Katsina da Zamfara da Kabi da Yawuri da Gobir da Kano da Adamawa da Borno, kowanne wani ɗalibi ne ya kwashe shekaru yana bin ƙauyuka da zaurukan malamai kafin ya haɗa shi. Mu da muke kwana muna musu a wayoyinmu kan wane ne Bahaushe, wane ne Bafulatani, wa ya ci ƙasar wa, kaɗan ne cikinmu suka taɓa buɗe ko guda. Alhali amsar abubuwa da dama da muke tayar da jijiyar wuya a kansu tana nan a rubuce tun shekarun 1970.

Kafin a gane dalilin rubuta su, sai mun koma watan Maris na 1903. Bayan sojojin Ingila sun ci Sakkwato, Gwamna Lugga ya tara manyan gari ya yi musu jawabi, hujjar da ya kafa kuwa ta tarihi ce. Ya ce Fulani sun ci ƙasar nan da yaƙi a zamanin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ta haka suka sami ikon naɗa sarki da tuɓe shi da ɗora haraji. Yanzu Turawa sun ci Fulani, saboda haka duk wannan iko ya koma hannunsu. A wannan lissafi jihadin 1804 ya zama wata ƙabila ta danne wata, Bature kuma baƙo ne da ya gaji baƙo. Mulkin mallaka yana bukatar wannan labari kamar yadda yake bukatar bindiga, shi ya sa ya yi ta kiwonsa.

Masu kiwon kuwa Razdan-razdan ne da Di'o-di'o. H. R. Palmer ya fassara Tarihin Kano daga Larabci zuwa Ingilishi a 1908, E. J. Arnett ya fitar da nasa fasalin Infaƙul Maisuri na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1922, S. J. Hogben kuma ya rubuta tarihin masarautun Arewa wanda aka daɗe ana karantarwa a makarantu. Ba za mu hana su ladan aikinsu ba, don sun adana abubuwan da da sun salwanta. Amma ma'auni ɗaya suke ɗora kome a kai: Haɓe a nan, Fulani a can, kuma duk inda aka ga birni da ganuwa da tsarin sarauta, to lalle wani baƙo ne mai hasken fata ya kawo daga gabas.

Ba wai mutanen ƙasa sun yi shiru ba ne. Wazirin Sakkwato Junaidu yana rubutu da Larabci da Hausa, Alhaji Abubakar Dokaji ya rubuta Kano ta Dabo Cigari, a kowane birni kuma akwai malamai da maroƙa da dattawan fada da suka riƙe abin da suka gada. Matsalar ita ce duniyar boko ba ta lissafa wannan a matsayin bincike sai jami'a ta buga masa hatimi, jami'ar kuma tana Landan.

Ƙofar ta fara buɗewa ne a Ibadan. Kwalejin jami'a da aka kafa can a 1948 digirin Landan take bayarwa, amma a cikinta Kenneth Dike ya tsaya kai da fata cewa Afirka tana da tarihin da za a yi digiri a kansa, shi ne kuma ya jagoranci kafa ma'adanar takardun gwamnati ta ƙasa a 1954, wadda daga baya ta buɗe reshe a Kaduna. A 1955 wani Baturen Ingila mai suna H. F. C. Smith, wanda ya koyar a Sudan, ya zo Ibadan. A 1961 ya buga wata maƙala inda ya ce masana sun yi sakaci da juyin juya halin Musulunci na ƙarni na 19 a Afirka ta Yamma, kuma ba za a fahimce shi ba sai an karanta abin da masu jihadin suka rubuta da hannunsu. Wannan mutum shi ne daga baya ya musulunta, muka san shi da suna Abdullahi Smith.

Ɗalibinsa Murray Last ne ya fara gwada wannan hanya. Maimakon ya zauna kan fayilolin Razdan, sai ya tafi Sakkwato ya tare, ya zama kamar almajiri a gaban Waziri Junaidu, yana karanta wasiƙu da littattafan gidan Waziri, yana tambaya ana warware masa. Ya sami digirinsa na uku a Ibadan a 1964, littafin ya fito a 1967. Tun daga sunan littafin aka ga canji: abin da Turawa suka saba kira daular Fulani, shi ya kira shi halifancin Sakkwato, wato ya ɗauki ma'aunin da mutanen suka auna kansu da shi. Sunan da duniya ke amfani da shi ke nan har yau. Wani abin lura shi ne, ainihin malamin wannan digiri ba shi da digirin boko ko ɗaya.

A daidai wannan lokaci kowace jiha ta Nijeriya tana gina jami'arta. Gabas ta buɗe Nsukka a 1960, Yamma ta yi Ife, Jihar Arewa kuma ta buɗe tata ranar 4 ga Oktoba, 1962, da ɗalibai 426, Sardauna Ahmadu Bello ne uban jami'a, Norman Alexander kuma shugabanta na farko. Haɗa ta aka yi daga abin da ke ƙasa: kwalejin fasaha da kimiyya ta Samaru, da cibiyar binciken aikin gona da ke nan Samarun, da makarantar koyon aikin mulki ta Kongo, da kwalejin Kano wadda aka sa wa sunan Abdullahi Bayero. Bukatar gwamnati a fili take, tana son ma'aikata, injiniyoyi da alƙalai da likitocin dabbobi da za su maye gurbin Turawa. Digiri na biyu da na uku a fannin tarihi ba ya cikin abin da ake gaggawa. Duk da haka Smith ya baro Ibadan ya zo ya kafa Sashen Tarihi.

Abin da ya fara ginawa rumbu ne. Ƙarƙashin shirin binciken tarihin Arewa, wanda aka soma da haɗin gwiwar Ibadan, an riƙa bin gidajen malamai ana roƙon aron littattafan Larabci da na ajami, a ɗauki hotonsu, a mayar wa mai abu abinsa. A 1970 kuma aka mayar da gidan Sardauna da ke Kaduna cibiyar adana tarihi da bincike, wato Gidan Arewa, Smith ne ya fara shugabantarsa. Ɗalibin da ya zo neman babban digiri sai ya tarar da wurare uku suna jiransa: rubuce-rubucen malaman ƙasa, da fayilolin Turawa a Kaduna, da bakin dattawa.

Mu da muka saba da latsa waya ya kamata mu ɗan tsaya mu ƙiyasta wahalar. Ɗalibi zai zaɓi ƙasa guda, sau da yawa tasu ta haihuwa. Zai yi watanni a Kaduna yana kwafar rahotannin haraji da na rangadi da hannu. Zai koyi Larabcin da zai iya karanta wasiƙar sarki, ko ya nemi malamin da zai zauna da shi. Sannan ya ɗauki rikoda da batir da goro ya hau babbar mota, inda mota ta tsaya ya hau keke, ya sauka gidan hakimi ko dagaci, ya jira har a yarda da shi. Dattijo ba ya buɗe wa baƙo ciki ran farko. Abin da aka faɗa masa a wannan gari sai ya je wancan ya ji kishiyarsa, don zuriyar wanda aka kora da zuriyar wanda ya yi korar ba labari ɗaya suke bayarwa ba. In ya dawo Samaru sai ya karanta babi a taron ƙara wa juna sani na sashe, malamai da 'yan'uwansa ɗalibai su yi masa kaca-kaca, ya koma ya gyara. A ƙarshe mai tafireta ya buga, a ɗinke, a kira mai jarrabawa daga wata jami'a ya zo a kare kundi.

Daga ƙarshen shekarun 1960 amfanin ya fara nuna. Mahdi Adamu ya yi digiri na biyu kan Yawuri a 1968, Muhammad Bello Alkali kan Kabi a 1969. Sa'ad Abubakar ya kammala digiri na uku kan Fombina, wato Adamawa, a 1970. Yusufu Bala Usman ya gama nasa kan Katsina a 1974, Garba Nadama kan Zamfara a 1977, Muhammad Nur Alkali kan Borno a zamanin Sefawa a 1978, Mahmud Modibbo Tukur kan mamayar Turawa a 1979, Abdullahi Mahadi kan sarauta da tattalin arzikin Kano a 1982, Abdullahi Rafi Augi kan Gobir a 1984, Monday Mangvwat kan Lardin Filato shi ma a 1984. In aka jera su kan taswira sai a ga kamar gona ce aka raba wa 'yan gayya, kowa da kunyarsa.

Shi kansa Smith ya share musu hanya da wata maƙala ta 1970 kan yadda ƙasashen Hausa suka kafu. Ya ƙi yarda cewa zuwan jarumi guda daga Bagadaza ya isa ya bayyana Kano da Katsina da Zazzau. Ya ce a duba ƙasa: yadda gidaje suka zama ƙauye, ƙauye ya zama gari saboda kasuwa da sana'a, gari ya zama birni mai ganuwa inda akwai ruwa da tama da dutsen da ake girmamawa, irin Dala da Kufena, baƙi suka taru har zumuntar jini ta kasa riƙe su, sai sarauta ta tsiro. Labarin Bayajidda bai zama abin yarwa ba, amma ya koma abin tambaya: yaushe aka fara ba da shi a wannan siga, wa kuma yake yi wa amfani?

Wanda ya kai wannan tambaya maƙura shi ne Bala Usman. Jikan Sarkin Katsina Dikko ne, an haife shi a Musawa a 1945, ya yi digirin farko a Lancaster ta Ingila, ya koyar a Kwalejin Barewa, sannan ya shigo Samaru. Ɗan gidan sarauta ne da ya zaɓi ya binciki sarauta ba tare da kirari ba. Tarihin Katsina kuwa iyakar Turawa ta raba shi biyu, domin bayan jihadi tsohuwar zuriyar sarakuna ta koma arewa ta kafa Maraɗi, wasu suka zauna Tasawa. Dole ya tsallaka Nijar ya ji ta bakin waɗancan, ya haɗa da ta waɗannan. A can ma a lokacin irin wannan aiki ake yi da Faransanci, André Salifou kan Damagaram, Djibo Hamani kan Adar.

Abin da ya fito da shi shi ne, kalmomin Haɓe da Fulani ba sa iya ɗaukar nauyin abin da ya faru. In aka bi mutane ɗaya bayan ɗaya aka ga wa ya bi Shehu, wa ya tsaya da sarki, sai a tarar layin bai bi harshe ko asali ba. Ya bi zaman birni da na karkara, da malanta, da fatauci, da kiwo, da wanda haraji da kwace suka dama, da wanda ke ci a fada. Shaidun wannan ba ɓoyayyu ba ne a tarihin jihadin gaba ɗaya. Abdussalami, wanda harin da aka kai wa jama'arsa a Gimbana yana cikin abin da ya kunna wutar yaƙin, Ba'are ne. Yakubu da ya karɓi tuta ya kafa Bauchi Bageri ne. Akwai Buzaye a cikin jama'ar Shehu, akwai kuma Fulanin da suka yi yaƙi a gefen Gobir. Bala ya dage cewa ita kanta ƙabila abu ce da tarihi ke ginawa yana rushewa, mutane suna shiga Hausanci suna fita tun ƙarnoni, ba jini ba ne da aka sauko da shi daga sama. Wannan ita ce amsa mafi ƙarfi da aka ba jawabin Lugga, bayan shekara 71.

Bai bar shaidun da kowa ke girmamawa ba ma. Heinrich Barth, Bajamushen da ya yi yawo a ƙasarmu da sunan Abdulkarim ya kuma ratsa Katsina tsakanin 1851 da 1854, masana sun ɗauki littafinsa kamar gani da ido. Bala ya zaunar da shi ya yi masa tambayoyin da ake yi wa kowane mai ba da labari: kwana nawa ka yi, wa ya saukar da kai, da wa ka yi hira, wane tunani ka taho da shi daga Turai game da launin fata? Ɗaliban Samaru sun gaji wannan ɗabi'a, ta tuhumar takarda kamar yadda ake tuhumar baki.

Mahdi Adamu, wanda ya je Birmingham ya yi digirinsa na uku, ya bi Hausawa ne zuwa inda suka tafi. Littafinsa da Maɗaba'ar Jami'ar Ahmadu Bello ta fitar a 1978 ya bi sawun fataken goro zuwa Gwanja da Salaga da ƙasar Asante, da malamai da sojoji da masu sana'a da suka kafa zango-zango a faɗin Afirka ta Yamma. Bahaushen Kumasi ko na Accra da ke son sanin yadda kakanninsa suka isa can, a nan zai fara.

Mahmud Tukur kuma ya shiga rumbun Turawa ne ya yaƙe su da takardunsu. Su sun ce sun zo ne sun kwantar da tarzoma sun sauƙaƙa wa talaka. Shi ya bi rahotanninsu na 1897 zuwa 1914 ya nuna garuruwan da aka ƙona, da sarakunan da aka tuɓe, da aikin tilas, da yadda haraji ya ƙaru aka kuma ce sai da kuɗin Bature za a biya, har a shekarun yunwa. Burmi a 1903, da Satiru da Haɗeja a 1906, suka daina zama 'yan tarzomar da aka murƙushe a gefen shafi. Abin ban sha'awa, kusan duk hujjarsa daga alƙalamin Di'o ta fito.

A Janairun 1975 Sashen Tarihi ya kwashi kayansa ya tafi Sakkwato ya yi taron ƙara wa juna sani kan daular, 'yan boko da malaman zaure a rumfa ɗaya, aka buga maƙalun a 1979. Ana iya cewa amsa ce ga Waziri Junaidu, wanda 'yan shekaru kafin nan, ranar da jami'ar ta ba shi digirin girmamawa, ya faɗa wa masu hula da alkyabbar boko cewa jami'o'in nan namu ne a wurin zama kawai, saiwarsu tana wata ƙasa. Ba kasafai ake karrama mutum ya miƙe ya faɗi irin wannan ba.

Kada mu mayar da su waliyyai. Wasunsu sun rungumi ra'ayin Markisanci har ya zamana kowace rigima sai an matsa ta ta shiga tulun masu hannu da shuni da talakawa, ko ta shiga ko ba ta shiga ba. Wasu kuma ƙaunar masu jihadi ta sa sun fi karanta abin da shugabanni suka ce a yi fiye da abin da aka yi. Bauta, wadda rinji da gandun sarakuna suka tsayu a kanta, ba ta sami rabon da ya kamace ta ba a farkon lamari, sai masana na waje suka fi yin rubutu a kai. Mata kuwa kusan babu su, a masu binciken da kuma a waɗanda aka bincika. Aikin da ya fito da Nana Asma'u ga duniyar boko Jean Boyd ce ta yi shi, ita ma a gaban Waziri Junaidu ta durƙusa.

Daga nan sai guguwa. Gwamnatin tarayya ta riga ta karɓe jami'ar a 1975, kwalejin Kano ta zama Jami'ar Bayero a 1977, Sakkwato da Maiduguri da Jos suka sami nasu, malamai suka rarrabu. Wannan yaɗuwa ce, ba asara ba. Asarar ta zo ne a shekarun 1980. Smith ya rasu a 1984. Naira da take kunnen doki da dala a 1985, zuwa 1990 sai an ba da kusan takwas a karɓi ɗaya, littafi da mujallar waje suka gagari ɗakin karatu, kuɗin fita bincike ya ƙafe. A watan Mayun 1986 'yan sanda suka harbe ɗalibai a Samaru, kwamitin Janar Abisoye da ya yi bincike kuma ya zargi wasu malamai da koyar da abin da ba shi ake biyansu su koyar ba. A 1988 aka tasa ƙeyar Patrick Wilmot na Sashen Nazarin Zamantakewa aka fitar da shi daga ƙasar. A shekarar ce Mahmud Tukur, wanda ya shugabanci ƙungiyar malaman jami'o'i, ya rasu. A 1989 aka kori Bala Usman daga aiki, sai kotu ce ta mayar da shi.

Kundayen da suka riga guguwar sun tsira: na Sa'ad Abubakar ya zama littafi a 1977, na Bala a 1981. Na baya suka maƙale. Aikin Mangvwat sai a 2013 ya fito, a Amurka. Na Tukur sai a 2016, a Dakar, shekara 37 bayan kare shi, mai shi ya daɗe a kabari. Na Garba Nadama, wanda ya zama gwamnan Jihar Sakkwato a 1981, yawanci har yau a matsayin kundin da ba a buga ba ake ambatonsa. Masanan Turai da Amurka sun san darajar waɗannan ayyuka, suna zuwa su karanta, su kafa hujja da su a littattafansu, mu kuma mu sayi littattafan da dala.

Amma ko da an buga su duka, akwai katangar da ta fi wannan tsawo. Dattijon ya ba da labarinsa da Hausa ko Fulatanci ko Barbarci, malamin ya ba da littafinsa na Larabci, ɗalibin ya juya kome zuwa Ingilishi, Ingilishin ma na masana, domin mai jarrabawa shi yake ji. Jikan dattijon ba zai iya karanta abin da kakansa ya faɗa ba. Abin kunya ne a tuna cewa Hukumar Fassara ta Turawan mulki, ƙarƙashin R. M. East, ta fitar da Labarun Hausawa da Maƙwabtansu da Hausa tun farkon shekarun 1930, har da Tarihin Kano a ciki, amma gyaran da 'ya'yan ƙasa suka yi wa tarihin bai sami irin wannan gata ba. Tsohon labari yana yawo da harshen gida, a aji da rediyo da bakin kasuwa, sabon yana zaune da baƙon harshe. Bala ya ga wannan giɓi, ya yi ta rubutu a jarida da yin lacca da Hausa har ya rasu a 2005, amma mutum ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A Kano aka gwada wata hanya. Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya da aka kafa a Kwalejin Abdullahi Bayero a 1969, da sassan harsuna na Kano da Zariya da Sakkwato, sun buɗe ƙofar rubuta kundin babban digiri da Hausa tsantsa. Malaman farko, irin su M. K. M. Galadanci da Ɗalhatu Muhammad da Ɗandatti Abdulƙadir, a Landan da Amurka suka yi nasu da Ingilishi, amma ɗalibansu suka juya. Bello Sa'id ya rubuta kundin digiri na biyu kan gudummawar masu jihadi ga adabin Hausa a 1978, Sa'idu Muhammad Gusau ya yi na uku kan waƙoƙin makaɗan fada a 1988, Aliyu Muhammad Bunza kan magungunan Hausa a rubuce a 1995, duk a Jami'ar Bayero, duk da Hausa. Sai da suka ƙirƙiro kalmomin nazari da kansu, wasu suka zauna, wasu suka ƙi. Sakamakon a bayyane yake: mai sauraron Narambaɗa ko Ɗanƙwairo yana iya ɗaukar littafin Gusau ya karanta, ya ma yi masa gyara. Sai dai wannan dama ta tsaya a sassan harshe da adabi da al'ada. Ɗalibin tarihi ko aikin gona ko tattalin arziki har gobe da Ingilishi zai kare kundinsa.

Yau babu jihar Arewa da ba ta da jami'a, masu digiri na uku sun yi yawan da Smith bai yi mafarkinsa ba, mata kuma sun shigo da ƙarfinsu. Jami'ar Ahmadu Bello ta ɗora kundaye masu yawa a intanet a ma'adanarta mai suna Kubanni, ana iya sauke su a waya. Ɗalibin yanzu yawanci ma'aikaci ne mai iyali, shi ke biyan kuɗin makaranta da na bincike daga albashinsa, yajin aiki yana cinye masa shekara, ƙarin girma yake nema a ofis, ba mai ba shi wata shida ya je ya zauna a ƙauye. Muna ganin kundaye masu kyau suna fitowa duk da haka, muna kuma ganin waɗanda aka ɗinka daga guntayen na wasu.

Ko da ya sami wata shidan, ina zai je? Dutsi, inda sarautar Zamfara ta faro, tana ƙasar Zurmi. Kufan Birnin Zamfara da Alƙalawa suna yankin Isa da Sabon Birni. 'Yandoto, garin malamai, tana kusa da Tsafe, Ruma kuma tana ƙasar Batsari. Duk wanda ke sauraron labarai ya san waɗannan sunaye, ya san kuma ba wuraren da baƙo zai shiga da rikoda yana tambayar asalin mutane ba ne a yanzu. Ƙauyuka da dama sun watse, littattafan da ke cikin adakar malamansu ba a san inda suka nufa ba. Rikicin ma da ya watsa su ana ba da labarinsa da tsoffin kalmomin nan biyu na Razdan, Hausawa da Fulani, kamar ba a taɓa rubuta kome a Samaru ba.

A bayan kowane ɗaya daga cikin tsofaffin kundayen akwai wasu shafuka da masu karatu kan tsallake: jerin mutanen da aka yi hira da su, da sunan kowa, da sarautarsa ko sana'arsa, da garinsu, da shekarunsa, da ranar da aka zauna da shi. Akwai limamai, akwai maƙera, akwai makaɗa, akwai 'ya'yan bayin sarki. Wanda ya ce wa ɗalibi shekararsa 80 a 1972, yana ɗan shekara 11 Turawa suka shiga Sakkwato, kuma daga bakin waɗanda suka ga zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba ya ji nasa labarin. Babu ko ɗaya daga cikinsu da ya rage.